Kada Ka Jira a Tambaye Ka: Jagoran Saƙon Turanci Ga Mai Aiki Daga Gida a Sakkwato

Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ya san abin da rana take yi wa mutum da na'ura. A irin wannan lokacin ne, shekarar da na fara aiki daga gida da wani kamfani na Turai, aka ɗauke mana wuta a Mabera, aka kwana biyu ba a kawo ba. Batirin da nake taƙama da shi ya sha zafi ya daina riƙe caji. Aikin da ke hannuna duba fassarar wata manhaja ne, in miƙa ranar Alhamis. Tun yammacin Talata na san ba zan gama ba. Sai na yi abin da na tashi na ga ana yi: na ja bakina na yi shiru, na ce a raina ba zan kai wa shugabata kukan wuta ba, in an kawo sai in kwana a kan aikin. Alhamis ta zo ta wuce. Juma'a da safe ina zaune a kan benci a shagon mai caji, wayata tana cikin tarin wayoyin mutane, da na karɓa na kunna sai ga saƙonta: "Are you still working on this?" Wato har yanzu kana kan aikin nan kuwa?

Da muka yi magana daga baya, ta ce jinkirin kwana biyu bai dame ta ba. Da na sanar da ita tun Talata, da ta ɗage ranar ko ta raba aikin da wani. Abin da ya ɓata mata rai shi ne ta riga ta yi wa mai aikin alkawari bisa maganata, ni kuma na yi gum, ba ta san ko ina nan ko na gudu ba.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A ofis, oga yana ganin fuskarka. Ya ga ka zo da wuri, ya ga kana gumi a kan fayil, ya ga an ɗauke wuta tunda shi ma a zafin yake zaune. Wanda ke Landan ko Balin ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ka rubuta masa shi kaɗai ya sani game da kai. Mu kuwa an yi mana tarbiyyar kunya da kawaici: yaro ba ya rigan babba magana, ba a yawan damun shugaba, mai haƙuri ba ya kai ƙara. Tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan mu rabu da ita. Sai dai wanda ke can ba ya fassara shirunka da ladabi. Yana ɗauka ko dai babu matsala, ko kuma ba ka damu ba. Don haka na zauna na rubuta wa ƙannenmu masu shiga wannan harka, musamman waɗanda suka fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantunmu suna neman aiki ta intanet, matakan da ni sai da na sha wuya na koye su.

Mataki na farko: tambayi ƙa'idar gidan tun makon farko

Kowane kamfani da tsarinsa. Wasu komai a Slack suke yi, wasu a Microsoft Teams, duk manhajojin aika saƙo ne tsakanin ma'aikata, wasu kuma in ba a rubuta aiki a Trello ko Jira ba, wato manhajojin bin diddigin ayyuka, to kamar ba a yi shi ba. Akwai kamfanoni irin su GitLab, waɗanda ma'aikatansu duk daga nesa suke aiki, da suka rubuta dukkan ƙa'idojinsu a kundi suka saka a intanet kowa ya karanta. Mafi yawa ba su da irin wannan kundi, sai ka tambaya. Makon farko shi ne lokacin da tambaya ba ta da nauyi, don kowa ya san baƙo ne kai. Tura wa shugabanka waɗannan:

"What's the best way to reach you if something is urgent?"
"How quickly do you expect a reply on Slack?"
"Would you like updates daily or weekly?"

Ta farko tana neman hanyar samunsa in abu na gaggawa ya taso, ta biyu tsawon lokacin da zai iya jiran amsarka, ta uku kuma ko kullum yake son rahoto ko mako-mako. Ka rubuta amsoshin a littafi.

Batun suna ma a nan ake warware shi. Wanda ya haife ka a shekaru zai ce ka kira shi da sunansa kai tsaye, babu Malam babu Alhaji babu ranka ya daɗe. Yana da nauyi a bakinmu, na sani, ni ma sai da na yi makonni ina kauce wa sunan shugabata. Amma yawan "Sir" da "Ma" a wurinsu yana sa tazara tsakaninku, wani ma ya ji kamar kana tsoronsa. Ka kira shi yadda ya gabatar da kansa. Girmamawarka za ta fito a cika alkawari.

Mataki na biyu: ka san agogonsu, su san naka

Agogon Najeriya yana gaban na Girinwic, wato agogon GMT, da awa ɗaya, a Turance ana rubuta shi WAT, kuma ba ma canza shi rani da damina. Su kuwa suna canzawa. Ingila tana bayanmu da awa ɗaya a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonmu ɗaya da su. Jamus da Faransa agogonmu ɗaya a lokacin sanyi, a waɗancan watannin kuma suna gabanmu da awa ɗaya. Gabashin Amurka, wato su New York, yana bayanmu da awa 6, sai ya koma awa 5 daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba. Kenya tana gabanmu da awa 2, Dubai da 3, Indiya da huɗu da rabi, su ba sa canzawa.

Dubi abin da wannan ke haifarwa. Taron da ake yi ƙarfe 9 na safe a New York, a watan Janairu ƙarfe 3 na yamma ne a Sakkwato. Da Maris ya raba sai ya dawo ƙarfe 2. In ranar Juma'a ce, ka ga ya hau kan masallaci ke nan, kuma babu wanda ya yi da gangan. Kai ne za ka hango shi tun kafin ya zo. Ka shiga kalandar aiki ka toshe ƙarfe 1 zuwa 3 na kowace Juma'a, sannan ka faɗa sau ɗaya a fili:

"I'm away for Friday prayers from 1 to 3 pm WAT every week. I'll be back online right after."

Ba roƙo ba ne, ba kuma neman gafara ba, sanarwa ce kawai. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ƙi ba in an gaya masa da wuri.

Sallah ta fi buƙatar bayani, don Bature ya saba da hutun da ranarsa ke rubuce tun farkon shekara. Mu kuwa muna jiran ganin wata da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi daga fadarsa a nan garin. Azumi yana iya yin kwana 29 ko 30, don haka Ƙaramar Sallah tana tsakanin ranaku biyu har daren ƙarshe. Babbar Sallah ta fi sauƙi, tunda da an ga watan Zulhajji an san ranar goma. Ka rubuta musu mako uku kafin lokaci:

"Eid will fall on either Tuesday or Wednesday, depending on the moon sighting. I'd like to take both days off, and I'll confirm the night before."

Haka azumi. In ka san ƙarfinka da safe yake, bayan La'asar kuma jiki ya yi sanyi, musamman in ya faɗo a bazara, ka nemi a matso da lokacin aikinka tun kafin watan ya kama. Kai ma ka riƙe nasu: tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara aiki yana kwanciya, Amurkawa suna da hutun godiya a Alhamis ta huɗu a Nuwamba, Faransawa da yawa kuma a Agusta suke tafiya hutu. In kana buƙatar sa hannun wani, ka nema kafin ya tafi.

Abu biyu ƙanana da suke jawo babbar ɓarna. Kada ka rubuta kwanan wata da lambobi zalla: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Rubuta "3 April". In kuma an ce maka ka gama "by end of day", ka tambaya ƙarshen yinin wa. Ƙarfe 5 na yamma a New York goma ko sha ɗaya na dare ne a nan.

Mataki na uku: gaisuwa da buƙata a saƙo guda

A Sakkwato ba ka shiga gidan mutum ka fara da abin da ya kawo ka. Sai an tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da zafi, da mutan gida, kana a zo ga magana. Da wannan ɗabi'ar muke shiga Slack, mu rubuta "Good morning", mu zauna jiran amsa kafin mu faɗi buƙata. Wanda ka tura wa yana barci. Ya tashi bayan awa biyar ya amsa gaisuwa, kai kuma ka fita. Kafin ka dawo ka yi tambayar, shi yana taro. Yini ya tafi a kan ina kwana.

Kada ka bar gaisuwa, amma ka ɗaure ta da buƙatar a saƙo ɗaya. Sojojin Amurka suna da wata ƙa'idar rubutu da suke kira BLUF, ma'ana a sa gundarin magana a layin farko, bayani ya biyo baya. Ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. Ga misali:

"Hi, hope your week is going well. I need your approval on the Hausa glossary by Thursday 12 pm WAT so I can start the second batch. The link is below. Only rows 14 to 30 are new."

Ka lura da abin da ke ciki: gaisuwa gajera, abin da ake so, ranar da awa, dalili, da kuma inda zai duba don kada ya ɓata lokaci. Zai iya amsawa da kalma ɗaya yana tsaye a layin jirgin ƙasa.

Manyan kalmomi ba su ne Turanci mai kyau ba. Wasiƙar da aka koya mana a sakandare, mai farawa da "I humbly wish to bring to your kind notice", ta ofishin gwamnati ce. A nan gajerun jimloli ake so. Yawancin abokan aikinka ma ba da Turanci aka haife su ba, ɗan Indiya ne, ɗan Barazil ne, ɗan Folan ne, kowa yana lallaɓawa kamar yadda kake yi. Duk abin da ka sauƙaƙa ka taimake su.

Mataki na huɗu: ba da rahoto tun ba a nema ba

Masu haɗa manhaja suna da ɗan taro na minti 15 da suke yi kowace safiya, kowa ya amsa tambaya uku: me na yi jiya, me zan yi yau, me ya tare mini hanya. Ko ba a yin wannan a inda kake, ka ari tsarin ka riƙa rubutawa:

"Yesterday: reviewed 120 of 300 strings. Today: the next 100. Blocked: I can't open the screenshots folder, I need access."

Ka sa lamba. "I'm working on it" ba ta gaya wa kowa komai, amma 120 cikin 300 tana nuna masa inda ka kai, shi da kansa zai lissafa ko za ka cika wa'adi. Minti uku ya isa. Ni nakan rubuta nawa da safe kafin in buɗe wani abu. In an turo maka aiki kuma ba za ka iya dubawa nan take ba, kada ka bar saƙon a buɗe babu amsa: "Got it, I'll look at this by 4 pm WAT." Ya san ka gani, ya san yaushe zai ji daga gare ka, hankalinsa ya kwanta.

Mataki na biyar: mummunan labari, da zafinsa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane wuya a gare mu, shi ne kuma wanda na faɗi a kansa. Lokacin da ya kamata ka yi magana shi ne sa'ar da ka fara zargin ba za ka gama ba, ba sai ka tabbatar ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In wa'adi ya cika dole a sani, bambancin kawai shi ne ko an sani da sauran lokacin gyara ko babu.

Saƙon yana da gaɓoɓi huɗu: abin da ya faru, abin da zai shafa, abin da kake yi a kai, da sabon lokacin da za ka iya cikawa. Ga wanda ya kamata in tura a waccan Talatar:

"Heads up: we've had no power since yesterday and my backup battery has failed. I've finished 60% of the review, but Thursday is now at risk. I'm moving to a place with solar power tomorrow morning. I can deliver by Saturday 6 pm WAT. If Thursday can't move, I can send the finished part now so someone else can take the rest."

"Heads up" na nufin ga sanarwa tun da wuri. Dubi jimlar ƙarshe da kyau, ita ce ta fi muhimmanci: ka ba shi zaɓi, ba matsala kaɗai ka ɗora masa ba. Ka kuma lura babu dogon labari. Bai buƙaci ya san taransifoma ce ta ƙone ko layi ne ya faɗi, ko nawa litar fetur ta koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. In laifinka ne, ka ba da haƙuri sau ɗaya, "Sorry, I should have flagged this earlier", ka wuce ga gyara. Haƙuri biyar a saƙo ɗaya yana sa shi ya koma lallashinka maimakon a warware aikin.

Wajen sa sabon wa'adi kada ka faɗi ranar da kake fata, faɗi wadda kake da tabbacinta ko da wuta ta sake yin halinta. In kana ganin Juma'a, ka ce Asabar. Wanda ya ɗage wa'adi sau ɗaya ya cika, an fahimce shi. Wanda ya ɗage sau uku, kowane da kwana ɗaya, an daina yarda da lissafinsa.

Sannan ka shirya wa ranar da saƙon ma ba zai fita ba. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jiharmu saboda matsalar tsaro. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya rikice a ƙasashe da yawa har da Najeriya. Irin wannan ba a hannunka yake ba, amma tanadi yana hannunka. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban. Ka ajiye imel da lambar shugabanka a waya da kuma a takarda. Ka sami wani amintacce a wani gari, ko Kano ko Abuja, wanda in ka kira shi zai iya tura wa shugabanka ɗan gajeren saƙo a madadinka. Ka kuma gaya wa shugabanka tun ana zaman lafiya:

"Power and internet can be unstable where I live. If I ever go quiet for more than four working hours, that's the likely reason. Here is my backup number."

Wasu na tsoron faɗin haka, wai kada a ce ba su cancanta ba. Abin da na gani akasin haka ne. Wanda ya faɗi matsalar wurinsa tare da tanadin da ya yi mata, shi ake ɗauka da muhimmanci.

Mataki na shida: tambaya, da tarkon da ke cikin Turancinmu da nasu

Matambayi ba ya ɓata, amma akwai tambayar da ke gajiyar da mutane. "I don't understand" kaɗai tana mayar da dukkan nauyin kan wanda ka tambaya. Ka nuna inda ka tsaya da abin da ka riga ka gwada:

"I checked the style guide and last month's file, but they use different terms for 'account'. Which one should I follow? I'll use the style guide unless you say otherwise."

Wannan jimlar ta ƙarshe, wato zan bi kaza sai in ka ce a'a, tana ceton yini guda in wanda ka tambaya yana barci. Ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce in na yi rabin awa a kan abu ban motsa ba, zan tambaya. In kuma an ba ka umarni da baki, ka maimaita shi a rubuce da kalmominka, kana farawa da "Just to confirm".

Yanzu ga tarkon. Akwai Turancin da muke yi a Najeriya wanda daidai yake a tsakaninmu, amma a can yana nufin wani abu. "I'm coming", wadda muka ɗauko daga "ina zuwa", a wurinsu tana nufin ga ka nan tafe yanzu. Ka ce "I'll be back in ten minutes". "Well done" da muke yi a matsayin sannu da aiki, su yabo ne bayan an gama abu da kyau, in ka faɗa wa shugabanka haka kawai sai ya rasa me ya yi. "I will revert" ba kowa ke gane ta ba, "I'll get back to you" ta fi. Wadda ta fi haɗari ita ce "I will try". Mu mukan faɗe ta don kunyar cewa ba za mu iya ba, Bature kuma ya rubuta ta a matsayin ka karɓa.

Haka in sha Allahu. Musulmi ba ya yanke alkawarin gobe ba tare da ita ba, ni ma ba na yi. Sai dai wasunsu sun saba jin ta daga bakin mutanen da ba su da niyyar cikawa, har suna ɗaukarta da ma'anar wataƙila. Abin da nake yi shi ne in faɗe ta da bakina, a rubuce kuma in sa rana da awa. In abokin aikin Musulmi ne sai in rubuta duka biyun.

Nasu Turancin ma yana da lulluɓi. Mutumin Ingila in ya ce "It might be worth looking at this again", ba shawara yake ba ka ba, cewa yake ka sake aikin. "When you get a chance" daga bakin shugaba sau da yawa tana nufin yau ko gobe. Ɗan Jamus ko Holan kuwa zai rubuta maka "This is wrong, please fix it" babu kwana-kwana, kuma ba faɗa yake yi ba, gobe za ku yi hira kamar ba a yi ba. In ba ka tabbatar da nauyin magana ba, tambaya ɗaya ta isa: "Is this urgent, or can it wait until Monday?"

Mataki na bakwai: taron bidiyo

Ka shiga Zoom ko Google Meet minti biyar kafin lokaci ka gwada sauti. In data ba za ta ɗauki bidiyo ba, ka faɗa da farko: "I'll keep my camera off, my connection is weak today." Ka rufe makirfo in ba kai ke magana ba, don kukan janareta da na akuyar maƙwabta duk suna shiga. In magana ta wuce ka, "Sorry, could you repeat the last part?" ba abin kunya ba ce. Ka shirya abu ɗaya da za ka faɗa tun kafin a fara, domin jiran sai manya sun gama, kamar yadda muke yi a zaure, yana nufin a tashi ba a ji muryarka ba. Bayan an tashi ka tura layi uku: abin da aka yanke, wanda zai yi, da yaushe.

Mataki na takwas: yadda ake cewa a'a

Wata ƙanwata da ke aikin amsa saƙonnin abokan ciniki ga wani kamfani ta zo gidanmu wata rana da dare idonta ya yi ja. Mutum uku ne suka ba ta aiki a mako ɗaya, duk ta ce to. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa musu. Ta ce, "Yaya, ƙaƙa zan ce ma oga ban iyawa?" Na ce mata ba sai kin ce ba kya iyawa ba, ki mayar masa da zaɓin. Muka zauna a tabarma muka rubuta tare:

"I can take this on, but I'm also finishing the refund report for Wednesday. I can't do both well by then. Which should come first?"

Ba a yi minti ashirin ba ya amsa cewa rahoton ya jira mako mai zuwa, bai ma san an ba ta wasu ayyukan ba. Haka abin yake sau da yawa: shugaban da ke nesa bai san yawan kayan da ke kanka ba sai ka sauke masa lissafin.

In kuma kana ganin an yi kuskure a wata shawara, musamman a abin da ka fi su sani, kamar yadda Bahaushe zai karɓi wata kalma ko wani hoto a talla, to faɗinsa na cikin aikin da aka ɗauke ka. Ka fara da "I see it differently", ka kawo dalili ɗaya da misali ɗaya, ka ba da madadi. In sun ji sun zaɓi nasu, ka bi, maganarka tana nan a rubuce. Abin da ya shafi mutum ɗaya kuma, gyara ne ko saɓani, ka same shi shi kaɗai, kada ka yi a zauren da kowa ke karantawa. In rai ya ɓaci, ka rubuta amsar ka ajiye, ka je ka yi alwala ka dawo ka sake karantawa kafin ka tura.

Mataki na tara: miƙa aiki kafin ka tafi

Ko hutun Sallah ne, ko biki, ko rasuwa ta kai ka Gwadabawa ko Tambuwal inda ba ka da tabbacin sabis, kada ka rufe kwamfuta sai ka bar takardar da wani zai iya ci gaba da ita ba tare da ya neme ka ba. Ka faɗi ranar tafiya da ta dawowa, abin da ka gama, abin da ya rage da inda yake, da wanda zai riƙe maka. Ka tabbatar shi wanda zai riƙe ɗin ya amsa kafin ka sa sunansa. Ga irin wadda nake turawa ana jibi Sallah:

"I'm off Tuesday to Thursday for Eid and back on Friday at 9 am WAT. Batch 2 is delivered. Batch 3 is half done, and my notes are at the top of the file. My teammate has agreed to cover urgent requests. I won't be checking Slack, but you can text my backup number if something can't wait."

Sai ka kunna amsar imel ta kai tsaye da waɗannan ranakun, ka canza alamar da ke gefen sunanka a Slack ta nuna ba ka nan, ka cire sanarwar manhajar daga wayarka har safiyar Juma'a.